An rufe Miami Seaquarium bayan shekara 70, asara aka yi ko dabbobin ne suka huta?

Abban_Husna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da yake ta cina a rai na ce bari in kawo shi nan in ji ta bakinku. Na ga labarin an rufe Miami Seaquarium, gidan nan na dabbobin teku da ke tsibirin Virginia Key a birnin Miami na jihar Florida, ranar 12 ga Oktoban 2025 suka kulle ƙofa, wurin da aka buɗe tun watan Satumban 1955. Ni na taɓa shiga wurin lokacin ina karatu a Amurka, kuma wallahi har yau ban manta ranar ba. Ku duba fa, ni da na tashi a garin da babban ruwanmu shi ne dam, sai ga ni zaune ina kallon wata halitta baƙa da fari mai nauyin sama da tan 3 ta yi tsalle ta fito daga ruwa gaba ɗayanta ta koma, ruwan ya watso ya jiƙa duk mutanen layin gaba, ban san sanda na miƙe tsaye ina ta subhanallah ba. Daga ranar na fara karance-karance a kan halittun teku, har yarana yanzu na saka musu son abin. To amma duk inda na leƙa a intanet sai murna ake wai gara da aka rufe. Tambayata ita ce, anya an yi wa wurin nan adalci kuwa? In duk aka rufe irin waɗannan wurare ina ɗan talaka zai ga ikon Allah na cikin teku da idonsa?

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Yaya Abban Husna wai wane irin kifi ne wannan mai tan 3? Ni fa kifin da na sani bai wuce tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa ba

Malam_Tarihi:
Maman Sadiq ba kifi ba ce, ko da yake mu a Hausa duk abin da ke ruwa mai ƙaya ko bindi kifi muke ce masa. Ana kiran jinsin orka, dangin dolfin ne kuma su ne mafi girma a dangin. Ba ƙwai suke yi ba, haihuwa suke su shayar da nono kamar saniya, kuma iska suke shaƙa ta wata kafa da ke saman kansu shi ya sa dole su riƙa tasowa sama. Wadda Abban Husna ya gani ita ce Lolita, ita kaɗai ce orka a wurin tun 1980.

Bari in ɗan ba da tarihin wurin tunda an taɓo inda nake so. Mutum biyu ne suka kafa shi, Fred Coppock da wani kyaftin mai kamun dabbobin teku W.B. Gray. Ba su ne na farko ba, tun 1938 an buɗe Marine Studios a arewacin Florida kusa da St. Augustine, wanda asali don ɗaukar fim a ƙarƙashin ruwa aka gina shi sai aka ga mutane suna tururuwa su biya kuɗi su kalli dolfin, daga nan sana'ar ta samo asali. Na Miami ya zo ya ɗara shi girma, fili ne eka 38 a bakin ruwan Biscayne, kuma filin na ƙaramar hukumar Miami-Dade ne haya suke biya, ku riƙe wannan maganar don ita ce ta zo ta kashe wurin daga baya. A 1960 aka ɗora wata ƙubba mai ruwan zinare a kan dandalin wasan zakunan teku, ƙirar Buckminster Fuller, ita ce ta zama tambarin wurin duk wanda ya hau gadar zuwa tsibirin sai ya hango ta. Amma abin da ya ɗaga sunansu a duniya shi ne shirin talabijin na Flipper, labarin wani dolfin, daga 1964 zuwa 1967, a nan aka ɗauki mafi yawansa.

Dan_Fagge77:
Kai Flipper!! Malam ka tuno min da yarinta, mun kalli abin nan a talabijin baƙi da fari a gidan maƙwabta, ashe nan ne gidansa

Hajiya_Turai:
Abban Husna ƙanena, na fahimci abin da kake ji, sabo ake yi wa kuka. Amma ka yi haƙuri ni ina cikin masu cewa alhamdulillah. Ka tambayi kanka yadda aka yi Lolita ta zo Miami. Ranar 8 ga Agustan 1970 aka kama ta a wani lungun teku da ake kira Penn Cove a jihar Washinton, can ɗaya ƙarshen Amurka inda ruwan yake da sanyi, tana da shekara kamar 4. Da jiragen ruwa da jirgin sama da abubuwan fashewa aka koro garken su sama da 80 aka tara su cikin raga, aka ware ƙanana daga iyayensu aka ɗebi 7 aka sayar. Wasu sun mutu a cikin ragar, masu kamun suka farke cikin 'ya'yan da suka mutu suka ɗaura musu nauyi suka nutsar don kada jama'a su gani, bayan watanni gawarwakin suka taso bakin ruwa asiri ya tonu. Ni uwa ce, ranar da na karanta cewa iyayen ba su gudu ba sun tsaya a bayan raga suna ta kuka suna kiran 'ya'yansu sai da na ajiye waya. Wannan shi ne kuɗin tsallen da ka gani ya burge ka.

Abban_Husna:
Hajiya wallahi ban musa miki ba, kamun nan zalunci ne. Amma a 1970 aka yi shi, lokacin ko dokar hanawa babu. Wanda ya zo yana ba ta abinci yana kula da ita a 2005 shi ma laifin ya shafe shi?

Malam_Tarihi:
Gaskiyarka ta nan ɓangaren, dokar kare dabbobin teku masu shayarwa a Amurka sai 1972 aka yi ta, kuma abin da ya faru a Penn Cove na cikin abubuwan da suka tunzura mutane. A jihar Washinton kuwa sai 1976 aka daina kamun kwata-kwata. Kafin nan an riga an kwashe fiye da 40 daga wannan zuriya, har yau ba su farfaɗo ba, duka-duka yanzu ba su kai 80 ba a teku, tun 2005 aka saka su a jerin masu fuskantar ƙarewa.

Injiniya_Bash:
Ni ɓangaren awo zan yi magana don shi ne aikina. Tankin da ta zauna ciki tsawonsa ƙafa 80, faɗinsa ƙafa 35 kafin ka iso dandamalin siminti da ke tsakiya, zurfinsa a inda ya fi zurfi ƙafa 20. Ita kanta tsawonta ya kai ƙafa 20. Ma'ana in ta tsaya a tsaye bindinta na taɓa ƙasa kanta na taɓa saman ruwa. Ku auna da filin gida, mu nan fuloti 50 bisa 100 muke cewa, to tankin nan bai ma kai fuloti ɗaya ba. Ita kuwa orka a teku tana iya cin kilomita sama da 100 a yini guda. Shekara 53 ta yi a ciki. Ba rufi a sama, ranar Miami na dukanta. Ni ko ba a gaya min komai game da kamun ba wannan lissafin kaɗai ya ishe ni

Ummu_Sadiq:
Innalillahi, shekara 53?? tun kafin a haife ni kenan

Zee_Kaduna:
kuma ita kadai fa. da akwai namiji Hugo da aka kama a 1968 suka zauna tare shekara 10, shi ya rika dukan bangon tankin da kansa har jijiya ta fashe masa a kwakwalwa ya mutu a watan Maris 1980. tun daga ranar bata sake ganin dan uwanta orka ba har ta mutu, shekara 43, sai wasu dolfin da aka saka mata su debe mata kewa. kuma wadannan halittun da da 'ya basa rabuwa da uwarsu har mutuwa, kowane gida da irin kukansa kamar yadda muke da karin harshe, bakano daban basakkwace daban. masu bincike sun saurari kukanta suka ji har tsufanta da harshen gidansu take kira

Sarkin_Ruwan_Yauri:
Salamu alaikum. Ni ban taɓa zuwa Amurka ba amma ɗan masunta ne ni, a bakin Kwara na tashi, kuma akwai abin da ba wanda ya ambata a nan. Wurin nan da kuke magana ba wasan tsalle kawai ake yi ba, asibitin ayu ne. Eh ayu dai da kuka sani, su ma suna da shi a Florida, ɗan uwan namu ne na Kwara da Binuwai. Can jiragen ruwa masu inji ne ke yanka musu baya da farfela, ko sanyi ya kama su, sai a ɗauko su a kai irin wannan wuri a yi jinya in sun warke a mayar da su ruwa, haka ma kunkurun teku. Shekaru da dama suna wannan aikin. A nan ne ma aka fara samun ayu ya ɗauki ciki ya haihu a hannun mutane a 1975. To in za a faɗi sharrin wuri a faɗi alherinsa.

Abban_Husna:
Allah ya saka da alheri Sarkin Ruwa, abin da nake ta son faɗa kenan. Ni a nan na fara ganin ayu da idona, ana zuba musu ganyen latas suna ci a hankali kamar shanu, duk da tun ina yaro nake jin sunansa a bakin masu magani

Ummu_Sadiq:
Tsaya tsaya, ayu na man ayu da ake sayar wa mata? Wai dama dabba ce ta gaske? Ni na ɗauka irin su 'yan ruwa ne

Sarkin_Ruwan_Yauri:
Dabba ce sosai Maman Sadiq, yawanci ciyawa yake ci ba ya cutar kowa, babba yakan kai nauyin bijimin sa. Nonon macen a ƙarƙashin hannuwanta yake, in ta rungume ɗanta ta taso da dare masunci ya hango ta daga nesa sai ya rantse mutum ya gani, daga nan yawancin labaran 'yan ruwa suke fitowa. Kakana ya ce a zamaninsu ba kowa ke farautarsa ba, sai gidan da suka gada, da mashi na musamman da shiri na kwanaki. Yanzu kuwa raga ta ko'ina, ga dam ya tare musu hanya, ga masu neman man suna biyan kuɗi mai yawa, kuma macen sai ta yi shekara guda da ciki ta haifi ɗa ɗaya tak sannan ta yi shekaru kafin ta sake. Ni rabon da in ga ayu da rai na fi shekara 15. Doka ta hana kashe shi amma wa ke bin ruwa da dare ya duba. Shi ya sa da na ji ana zagin masu jinyarsa a wata ƙasa sai na ji wani iri, mu da muke da shi a ƙofar gida me muka yi masa

Dan_Gaya_227:
Gaskiya ne Sarkin Ruwa, mu ma nan wajen Gaya haka abin yake, tsofaffi na ba da labarin ayu amma samari da yawa ba su taɓa ganin shi ba. Kuma rabin man da ake kaiwa kasuwa da sunan shi ba nashi ba ne, kitsen wani abu ne daban

Hajiya_Turai:
Sarkin Ruwa na yarda da kai a kan jinyar, ba zan hana su ladansu ba. Amma tunda ka kawo ayu bari in ƙarasa maka labarin. Iyayen wannan da aka haifa a 1975 ana kiransu Romeo da Juliet, tun shekarun 1950 suke wurin. A ƙarshen 2023 wasu masu fafutuka suka ɗaga jirgi maras matuƙi suka ɗauko bidiyon Romeo, tsoho mai shekara sama da 60, shi kaɗai yana ta zagaye a wani tsohon tanki a bayan fage inda baƙi ba sa zuwa. Bidiyon ya zaga duniya, a watan Disamba hukuma ta sa aka kwashe su aka kai gidan namun daji na Tampa. Wato ko alherin da ake yabon su da shi a ƙarshe ya gagare su. Wurin da Abban Husna ya gani da wurin da aka rufe ba ɗaya ba ne.

Malam_Tarihi:
Wannan jimlar ta ƙarshe ta Hajiya ita ce zuciyar maganar a ganina. Wurin ya yi ta sauya hannu. Kamfanin Wometco na Miami ya riƙe shi shekaru masu yawa tun 1960, a 2014 aka sayar wa Palace Entertainment wanda uwar kamfaninsa a Sifaniya take, a 2022 kuma The Dolphin Company na ƙasar Meksiko ya karɓa. Gini ne na shekarun 1950 a bakin ruwan gishiri, kun san yadda gishiri ke cin ƙarfe da siminti, ga guguwa, Andrew ta daka shi a 1992, Wilma a 2005 ta sa an rufe shi na watanni. Gefe guda kuma tun da aka buɗe wurin shaƙatawa na Disney a Orlando a 1971 da gidan dabbobin teku na SeaWorld a 1973 masu yawon buɗe ido suka karkata can. Kuɗi na raguwa gini na tsufa. Masu duba lafiyar dabbobi na ma'aikatar noma ta Amurka suka riƙa fitar da rahoto bayan rahoto daga 2021, ruwa maras kyau, kifin abinci da ya lalace, an rage wa dolfin abinci, ƙarancin likitoci. A watan Maris 2024 shugabar Miami-Dade Daniella Levine Cava ta aika musu takardar soke haya, suka ƙi tashi aka shiga kotu, a Maris 2025 kamfanin ya bayyana karyewar jari. Don haka Abban Husna ba masu zanga-zanga ne kaɗai suka rufe shi ba, bashi da mai fili ne.

Ustaz_Kabiru:
Ina bin muhawarar tun farko. Abin da na karanta a wajen malamanmu shi ne tsare dabba a kan kansa ba haramun ba ne, akwai hadisin ƙanen Anas ɗan Malik da yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Manzon Allah SAW bai hana ba har yana tambayarsa labarin tsuntsun. Amma kuma akwai hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta kulle ta ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema da kanta ba. To sharaɗin shi ne ka iya sauke haƙƙin abin da ka tsare. Tsuntsu ko akuya ko doki kana iyawa. Tambayar da ya kamata mu yi, akwai ɗan adam ɗin da zai iya sauke haƙƙin halittar da Allah ya yi ta don teku? Haƙƙi ba abinci ne kawai ba.

Dan_Fagge77:
Ustaz to in haka ne ai har zakin da ke keji a gidajen zu namu maganar ta hau kansa. Na kai yara wani da sallah, ba zan faɗi garin ba, kurar da muka gani ƙashin haƙarƙarinta duk a waje tana ta kai da komo a ɗaki kamar shago, ƙaramar 'yata ta tambaye ni Baba me ta yi aka kulle ta, na rasa amsar da zan ba ta

Ustaz_Kabiru:
Ta hau kansa mana Malam. Ba Amurka kaɗai za a tambaya ranar lahira ba.

Auwal_Texas:
Ni ina zaune a Amurka yanzu kuma ina so in ɗan kare ma'aikatan, don na lura ana haɗa su da masu kamfani. Yawancin masu horar da dabbobin nan matasa ne, albashin ba wani abin kirki ba, son dabbobin ne ya kai su. Akwai waɗanda suka yi shekaru da Lolita, su ba Lolita ma suke ce mata ba Toki suke kiranta, daga Tokitae sunan da likitan da ya zaɓo ta ya fara sa mata. Ranar da ta mutu an nuno su suna kuka kamar an yi musu rasuwa a gida. Kuma da yawansu ba su goyi bayan a mayar da ita teku ba, suna cewa tsohuwa ce mai ciwo tafiyar za ta kashe ta. Yanzu an rufe, su ma sun rasa aikinsu har da masu shara da masu sayar da tikiti

Zee_Kaduna:
amma Auwal kar ka manta wanda ya fara juya wa sana'ar baya shima ma'aikacin wurin ne. Ric O'Barry shi ya horar da dolfin din da suka fito a Flipper, ya samu kudi ya samu suna, sai daya daga cikinsu mai suna Kathy ta mutu a hannunsa a 1970, daga nan ya ajiye aikin ya koma yaki da tsare dolfin sama da shekara 50 kenan. wanda ya fi kowa sanin cikin gidan ne ya fito yace abin ba daidai bane

Abban_Husna:
To ni abin da ban gane ba, tunda an yi ta surutu shekara da shekaru me ya hana a mayar da ita gida tun tana da ƙarfi?

Malam_Tarihi:
Tun tsakiyar shekarun 1990 ake wannan kiran har da gwamnan Washinton na lokacin, masu wurin suka ƙi, ita ce ke kawo musu jama'a. Ƙabilar Lummi, 'yan asalin yankin da aka kamo ta, su a al'adarsu orka dangi ne, sun yi doguwar tafiya tun daga Washinton har Miami a 2018 suna neman a ba su 'yarsu. A 2022 aka daina saka ta wasa. Sai a Maris 2023 aka sanar da yarjejeniya, wani attajiri mai ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Indianapolis, Jim Irsay, ya ce zai biya kuɗin, za a kai ta wani keɓaɓɓen wuri a tekun su na asali a killace da raga ana ci gaba da ba ta abinci, aka ce za a ɗauki wata 18 zuwa 24 ana shiri. Wata biyar bayan sanarwar, ranar 18 ga Agustan 2023, ta mutu da ciwon ƙoda da na huhu tana da shekara kamar 57. Aka ƙona gawar aka kai wa Lummi tokar, suka zuba a teku a watan Satumba.

Ummu_Sadiq:
Allah sarki. Wallahi hawaye nake, ta koma gida amma a toka

Injiniya_Bash:
Amma a yi adalci, batun mayarwa ba sauƙi gare shi ba kamar yadda ake zato. An gwada da Keiko, wani orka da ya fito a fim ɗin Free Willy. An ɗauko shi daga Meksiko aka kai Oregon a 1996, a 1998 aka wuce da shi Iceland inda tun asali aka kamo shi, an kashe sama da dala miliyan 20. A 2002 ya yi iyo da kansa har Norwe, amma maimakon ya bi 'yan uwansa sai ya riƙa zuwa bakin ruwa wajen mutane yara na hawa bayansa, a Disamban 2003 ya mutu da ciwon huhu. Wasu na cewa an yi nasara tunda ya yi shekara 5 a ruwan teku, wasu na cewa an wahalar da shi ne kawai. Ni ina ganin kuskuren a ranar kamu aka yi shi, bayan nan duk ƙofar da ka buɗe akwai cuta a bayanta

Hajiya_Turai:
Shekara 5 a teku da shekara 50 a kwami Injiniya, in kai aka ba wa zaɓi wanne za ka ɗauka?

Injiniya_Bash:
Teku Hajiya, ba musu. Ina dai nuna cewa rufe wuri ba ya nufin dabbobin sun huta. Ga na Faransa nan, Marineland na garin Antibes, an rufe shi a Janairun 2025 saboda dokar da suka yi a 2021, watanni bayan rufewa orka biyu uwa da ɗanta suna nan cikin tankin da ba baƙo ba kuɗin shiga ana ta jayayyar inda za a kai su. A Kanada ma haka, na Niagara ya rufe da fararen dabbobin nan beluga guda 30 a ciki. Su na Miami wasu gidajen aka rarraba su, daga wannan tanki zuwa wancan

Auwal_Texas:
Haka ne, dolfin ɗin da ya zauna da Toki ma nan Texas aka kawo shi SeaWorld na San Antonio bayan ta mutu

Maryama_Accra:
Ni tambayar Abban Husna ta farko nake so mu koma, ina yaro zai ga waɗannan halittu. Mu nan Ghana teku na gabanmu amma yaran zango da yawa ba su san abin da ke cikinsa ba sai kifin da ake soyawa. A 2021 dolfin da yawa suka fito bakin ruwa a Axim wasu mutane suka yi ta kwasa suna yankawa. Da a ce sun taɓa tsayawa sun kalli dolfin ido da ido suka ga wayonsa, ina jin da wasunsu ba su yi ba. Gani ya kori ji. Ban ce a kulle orka a tanki ba amma kar mu raina abin da gani yake yi wa zuciya

Zee_Kaduna:
Anti Maryama to ai yaron da ya ga dolfin na tsalle ta cikin zobe don a jefa masa kifi ba dolfin ya gani ba, ya ga dan wasa ne mai jin yunwa. ni ban taba ganin orka da idona ba a waya na gani, amma gashi ina nan ina jin zafin abin

Abban_Husna:
Zee ƙanwata ni kuma da ban je na gani ba da ko labarin ba zan buɗe ba, balle in zo nan in tambaya. Wannan shi ne abin da ya ɗaure min kai, son da nake musu a wurin na samo shi, kuma son ne yanzu yake sa ina jin nauyin tafin da na yi ranar. Jiya da dare na nemo hoton da na ɗauka, sai yanzu na lura da ƙanƙantar ruwan da ke bayanta, a lokacin ita kawai nake kallo

Dan_Fagge77:
Malam Tarihi yanzu me za a yi da filin? kar dai a ce benaye za a gina

Malam_Tarihi:
Wani kamfanin gine-gine na Miami mai suna Terra ne ya yi tayin karɓar hayar a kan dala miliyan 22.5. Tsarin da suka nuna akwai matsayar jiragen ruwa da gidajen abinci da wurin shaƙatawa a bakin ruwa, da gidan kifaye amma ba dolfin ba zakin teku ba duk wata dabba mai shayarwa, kuma sun ce ƙubbar zinaren za a bar ta.

Sarkin_Ruwan_Yauri:
To ayun da jirgi zai yanka gobe a kudancin Florida fa, an rage masa asibiti ɗaya kenan. A 2021 kaɗai kimanin 1,100 suka mutu a jihar yawanci yunwa ce don ciyawar ruwan ta ƙare. Ni dai da za a ba ni ko rabin tankin Romeo a Yauri da likita ɗaya da na san abin da zan yi da shi, don ko shekaran jiya da na kira gida an ce min wani ƙaramin ya faɗa ragar wasu yara a ƙauyen da ke ƙasa da mu, na ce su riƙe shi a ruwa kar su bari masu mai su ji labari, har yanzu ina jiran su kira ni

Hajiya_Turai:
Sarkin Ruwa dan Allah in sun kira ka sanar da mu a nan. In kuɗin ragar ne matsalar su yanka ta su sake shi, ni zan biya

Dan_Gaya_227:
Ni ma a saka ni ciki. Uwar na nan kusa ba ta nisa, su sake shi a daidai inda suka kama shi